Awon Gine-ginen Ƙasa da Hasken Leza: Yadda Ake Zaɓen Doguwar Ƙafa-uku

Gabatarwa

Matafiyin da ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a ƙarshen damina, ya wuce Boɗinga da Shagari ya shiga Tambuwal, ko kuwa ya karkata kudu ya nufi Kebbe, ba zai rasa ganin abu ɗaya ba a tsofaffin unguwanni: soron da ya rufta, ko zauren da rufinsa ya zube ciki, ko katangar da ruwa ya zaizaye kanta har ta koma rabi. Wannan yanki na kudancin Jihar Sakkwato ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma watan Agusta ne ya fi kowane wata ruwa. Ginin ƙasa yana iya wuce shekara 100 a tsaye muddin ana yi masa yaɓe ana gyara masa indararo. Amma da zarar an yi sakaci da shi na 'yan damuna kaɗan, sai a wayi gari babu shi. Idan kuwa ya tafi, fasalinsa ya tafi ke nan tare da shi, domin maginan da suka ɗora shi ba su bar zanensa a takarda ba. A gari mai tarihi irin Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, wannan hasara ba ƙarama ba ce.

A yau akwai na'urar da ke iya auna gini gaba ɗayansa da hasken leza cikin 'yan sa'o'i, ta adana siffarsa a kwamfuta. Sai dai na'urar tana da rauni guda: abin da ta hanga kaɗai take aunawa. Ginin ƙasa kuwa daga sama yake fara mutuwa, wato daga inda na'urar da ke tsaye a ƙasa ba ta hangowa. Saboda haka ake ɗora ta a kan doguwar ƙafa-uku. Wannan darasi zai bayyana yadda na'urar ke aiki, da yadda ake lissafa tsayin da ake bukata, da kuma abin da tsayin ke jawowa idan ba a yi hattara ba.

Daga tef zuwa haske

Auna tsofaffin gine-gine don adana su ba sabon abu ba ne a Nijeriya. Wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana yawo da almajiransa suna auna gidaje da masallatai da fadoji da tef da sandar awo. Cikin abubuwan da suka auna har da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A shekarun 1970 an yi sabon gini na siminti wanda ya lulluɓe babban ɗakin sallar tsohon masallacin, amma an gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Dmochowski ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i 3 a 1990. Irin wannan awo na hannu yana cin makonni, kuma bangon ƙasa ba shi da miƙaƙƙen layi, don haka tef ba ya kama duk lanƙwasarsa.

An ƙirƙiro leza ta farko a 1960, lokacin da Theodore Maiman ya kunna ta a Amurka. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin wani injiniya haifaffen Mosul ta Iraƙi, Ben Kacyra, ya fito da na'urar leza mai auna gini wadda ake iya ɗauka zuwa fili. A 2003 injiniyan ya kafa ƙungiyar CyArk domin adana siffar wuraren tarihi. Ƙungiyar ta auna kaburburan sarakunan Buganda na Kasubi da ke Kampala a 2009, sai ga shi gobara ta cinye babban ɗakin a watan Maris na 2010. Haka kuma wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris da ɗigon awo sama da biliyan ɗaya 'yan shekaru kafin gobarar 15 ga Afrilu, 2019. A Afirka ta Yamma, masu binciken Zamani na Jami'ar Cape Town sun auna babban masallacin Jenne da masallacin Jingarebar na Tambutu, waɗanda dukkansu da ƙasa aka gina su. Darasin da ke cikin waɗannan misalai shi ne, ana auna gini ne tun yana tsaye. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.

Yadda na'urar ke aiki

Ɗalibin ilmin halittu ya riga ya san dabarar, domin jemage ya daɗe yana amfani da ita. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari kan fitar da wata siririyar ƙara wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, sannan su saurari amsa-kuwwarta. Masanin dabbobi Donald Griffin ne ya tabbatar da haka a wajajen 1940. Sauti yana gudun kimanin mita 340 a sakan ɗaya. Idan ƙwaro yana nesa da jemage da mita 3.4, ƙarar za ta yi tafiyar mita 6.8 zuwa da dawowa, wato kashi 1 cikin 50 na sakan. Daga wannan ɗan jinkiri ne jemage ke gane nisan abincinsa.

Na'urar leza haka take yi, illa dai haske take aikawa maimakon sauti. Haske yana gudun kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Idan bango yana nesa da mita 15, hasken zai yi tafiyar mita 30 zuwa da dawowa, abin da zai ɗauke shi kashi 1 cikin miliyan 10 na sakan. Na'urar tana auna wannan lokaci, ta ninka shi da gudun haske, ta raba biyu, sai ta sami nisa. Wasu na'urorin kuma kan kwatanta igiyar hasken da ya fita da ta wanda ya dawo, amma manufar ɗaya ce. A cikin kan na'urar akwai madubi mai juyawa da sauri wanda ke watsa hasken sama da ƙasa, shi kuma kan yana kewayawa a hankali daga hagu zuwa dama. Duk inda hasken ya taɓa, sai a sami ɗigo guda mai lambobi uku: gabas ko yamma, kudu ko arewa, da kuma tsayi. Na'urorin zamani kan tara ɗigo miliyan ɗaya zuwa biyu a sakan. Idan aka zuba su a kwamfuta sai siffar ginin ta fito, har a iya auna faɗin tsaga ko kaurin ginshiƙi daga kan tebur.

Tun da mazauni ɗaya ba ya isa a ga gini ta kowane ɓangare, akan kafa na'urar a wurare da yawa. Daga baya a haɗa awon ta hanyar alamomi, kamar fararen ƙwallaye ko takardu masu baƙi da fari, aƙalla guda 3 waɗanda ake gani daga mazaunai biyu masu maƙwabtaka.

Abin da na'urar ba ta gani

Haske a miƙe yake tafiya, ba ya shan kwana. Duk abin da ya tare shi yakan bar inuwa a bayansa, kuma a cikin kwamfuta wannan inuwa rami ce wadda babu ɗigo ko ɗaya a cikinta. Ƙafa-ukun da safiyo ke amfani da ita kullum ba ta wuce mita 1.5 zuwa 1.8, wato kimanin tsayin mutum. Na'urar da ke kanta za ta ga fuskar bango sarai, amma ba za ta ga saman soro ba ko kaɗan.

A nan ne matsalar take, domin magina sun san cewa lafiyar soro a samansa take. An ɗora rufin a kan azara, wato itacen giginya da aka tsattsaga, aka zuba ƙasa a kai, aka shafe da laso ko makuba don hana ruwa shiga. An kewaye bakin rufin da ɗan gajeren bango da ake kira rawani, da zankaye a kusurwoyi, aka huda wa indararo hanya. Idan azara ta fara gajiya, ko gara ta ci ta, sai tsakiyar rufin ya ɗan lotsa. Ruwa ya kwanta a lotsawar maimakon ya bi indararo, ƙasa ta jiƙe ta ƙara nauyi, azara ta ƙara sunkuyawa. Haka abin zai ci gaba har ranar da rufin zai zube. Lotsawar santimita 3 ko 4 ta isa ta fara wannan ɓarna, kuma na'urar leza tana iya gano ta tun ido bai gani ba. Amma sai idan ta hangi rufin.

Akwai kuma matsala ta biyu, wato ta karkatar haske. Idan hasken ya faɗa wa bango kai tsaye, ɗigonsa ƙarami ne zagayayye. Idan ya zo a karkace sai ɗigon ya miƙe, kamar yadda hasken tocila ke miƙewa idan aka kwantar da ita a ƙasa. Karkatar digiri 60 tana ninka tsawon ɗigon sau 2, ta digiri 80 kuwa kusan sau 6. Alal misali, hasumiyar Gobarau ta Katsina tana da tsayin kimanin mita 15. Na'urar da ke mita 1.5 daga ƙasa, kuma mita 5 daga gindin hasumiyar, za ta ɗaga haskenta kusan digiri 70 kafin ta kai ƙololuwa, ɗigon ya miƙe kusan sau 3. Awon can sama ba zai kai na ƙasa inganci ba. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 ta fi haka wuya. Ɗaga na'urar yana rage wannan karkata.

Lissafin tsayin da ake bukata

Ba a zaɓen tsayi da ka. Lissafin alwatika masu kama da juna, wanda ake koyarwa a sakandare, shi ne ke ba da amsa. A ɗauka ana son auna wani tsohon zaure a Kebbe. Saman rufinsa yana mita 4 daga ƙasa, faɗin rufin mita 5, rawaninsa kuma rabin mita, wato kan rawanin yana mita 4.5. An kafa na'ura mita 6 daga bangon. Idan aka ƙyale kaurin bango don sauƙin lissafi, ƙa'idar ita ce:

Tsawon inuwa a kan rufi = (tsayin rawani × nisan na'ura daga bango) ÷ tazarar da na'ura ta ɗara kan rawani.

Idan na'urar tana mita 5, ta ɗara rawani da rabin mita, inuwar za ta kai mita 6. Rufin duka yana cikin inuwa, ko da yake na'urar ta fi ginin tsayi. Idan aka kai ta mita 5.5, inuwar ta koma mita 3, an ga mita 2 na rufin. A mita 6.5 inuwar mita 1.5 ce. A mita 7.5 mita 1 ce, a mita 8.5 kuma santimita 75.

Mai karatu zai lura da abubuwa biyu. Na farko, ribar tsayi tana raguwa. Mita ɗayan da aka ƙara daga 5.5 zuwa 6.5 ya rage inuwa da mita 1.5, amma wanda aka ƙara daga 7.5 zuwa 8.5 bai rage fiye da santimita 25 ba. Na biyu, matsowa kusa da gini yana yin aikin da tsayi ke yi. Idan aka bar na'urar a mita 6.5 aka matso da ita mita 3 daga bango, inuwar za ta zama santimita 75, daidai da abin da aka samu a mita 8.5. Sauran inuwar kuma ana cike ta ne ta hanyar sake kafa na'urar a ɗaya gefen ginin. Saboda haka ga mafi yawan soraye marasa bene, ƙafa-ukun da ke kaiwa mita 6 zuwa 7 ta wadatar.

Har ila yau, na'urar ba ta ganin ƙarƙashinta. Da yawa daga cikinsu suna barin gurbin digiri 60 a ƙasa, wanda ke zana da'irar makanta mai nisan kimanin kashi 58 cikin 100 na tsayin na'urar ta kowane gefe. A mita 1.5 da'irar ba ta kai mita ɗaya ba, amma a mita 6 ta kai mita 3.5. Wannan ya nuna awon sama ba ya maye gurbin awon ƙasa. Dole a yi duka biyun.

Abin da tsayi ke jawowa

Kowane manomin Kebbe ya san halin doguwar dawa. Karanta kan kai mita 3 ko 4, ga zangarniya mai nauyi a ƙololuwa. Idan iskar hadari ta taso, ita ce ke fara kwantawa, gajeren iri yana tsaye. Dawar ma ta san da wannan haɗari, shi ya sa take fitar da saiwoyi daga gaɓoɓinta na ƙasa su kafe kamar turaku, manomi kuma ya ƙara mata ƙasa a gindi. Na'urar leza a kan doguwar sanda zangarniya ce a kan kara.

Dokoki uku na kimiyyar lissafi ne ke aiki a nan. Ta farko, lanƙwasar sanda tana ƙaruwa da ninkin tsawonta sau uku a jere. Idan aka ninka tsawon sanda sau 2, ƙarfi iri ɗaya zai lanƙwasa kanta sau 8, wato 2 × 2 × 2. Ta biyu, ƙarfin da iska ke turawa da shi yana ninkuwa sau 4 idan gudunta ya ninka sau 2, kuma iska ta fi ƙarfi a saman katangu fiye da cikin lungu. Ta uku, ɗan karkata a wurin na'ura babban kuskure ne a wurin bango. Karkatar kashi 1 cikin 10 na digiri, wadda ido ba ya gani, tana kautar da ɗigo da santimita 3.5 a nisan mita 20. Wannan kuskure ya kai girman lotsawar da aka zo nema. Na'urar tana da ma'aunin da ke gyara karkatar da ta tsaya cik, amma rangaji a yayin da ake cikin awo yakan sa miƙaƙƙen bango ya fito a kwamfuta da tudu da kwari. Ban da iska, juyawar kan na'urar ita kanta tana murɗa sandar idan maɗaurinta bai kama sosai ba.

Dalilin ƙafa uku

Uwargida ba ta girka tukunya a kan duwatsu huɗu. Murhu duwatsu uku ne, domin ɗigo uku ko yaya aka ajiye su suna kan shimfiɗa ɗaya, don haka tukunya ba ta gilgiza. Kujera mai ƙafa huɗu kuwa sai an sa mata tsinke idan daɓe bai daidaita ba. Ƙwari ma wannan dabara suke bi. Tururuwa ko kyankyaso yana da ƙafa 6, amma uku-uku yake takawa: ta gaba da ta baya a gefe ɗaya, da ta tsakiya a ɗaya gefen. Yayin da waɗannan ke ƙasa, sauran ukun suna sama, kuma cibiyar nauyinsa tana cikin alwatikan da ƙafafun suka zana.

Ƙafa-uku tana faɗuwa ne idan aka rinjayi nauyinta ta ɗaya daga cikin gefunan wannan alwatika. Ga misali. An buɗe ƙafafun da tazarar mita 2 tsakanin kowace biyu, don haka daga tsakiya zuwa gefe santimita 58 ne. Nauyin kayan duka kilo 25, na'urar tana mita 6. Idan aka ninka 25 da 0.58 aka raba da 6, za a ga turi daidai da nauyin kilo 2.4 kacal a wurin na'urar ya isa ya kifar da komai. Idan aka ɗora buhun yashi mai kilo 20 a kowace ƙafa, nauyin ya zama kilo 85, turin da ake bukata ya haura kilo 8. Buhu uku na yashi sun ninka tsaron na'urar fiye da sau 3, kuma yashi ba saye ake yi ba a bakin gulbi.

Abubuwan dubawa wajen zaɓi

1. Tsayi. A fara auna gine-ginen da za a yi wa aiki, a yi lissafin inuwa, sannan a nemi ƙafa-ukun da ta ɗara abin da lissafi ya bayar kaɗan. Akwai mai hannun murɗawa da ke ɗaga na'ura mita 3 zuwa 4, akwai kuma mai sanda mai zugewa kamar eriyar rediyo wadda ke kaiwa mita 6 ko fiye. Ba a son a zuge sandar har ƙarshenta, domin gaɓar ƙarshe ita ce mafi siranta.

2. Nauyi. Na'urorin sun bambanta, daga mai kilo ɗaya zuwa mai fiye da kilo 12. A duba nauyin da maƙera suka ce sandar na ɗauka a cikakken tsayinta, a kuma bar rata mai yawa.

3. Kaurin sanda. Bututu mai faɗi ya fi siririn ƙarfe mai nauyi ɗaya da shi ƙin lanƙwasa, kamar yadda ake gani a gora da ƙashin tsuntsu. Idan aka ninka faɗin bututu sau 2 ba tare da canza kaurin jikinsa ba, taurinsa yana ninkuwa kusan sau 8.

4. Buɗewar ƙafafu. Gwargwadon tsayi, gwargwadon faɗin gindi. A tabbata kowace ƙafa tana daidaituwa ita kaɗai, akwai sarƙa ko ƙarfen da ke hana su zamewa, akwai kuma wurin ɗaura igiyoyi uku daga sama zuwa turaku. Amma a tuna lungunan tsofaffin unguwanni matsattsu ne, wani bai kai mita 2 ba.

5. Abin da aka ƙera ta da shi. Alminiyam ba shi da nauyi kuma ya fi araha, sai dai zafi na miƙa shi. Sanda mai mita 6 tana ƙaruwa da kusan milimita 3 idan zafi ya hau da digiri 20, kuma idan rana ta bugi gefe ɗaya sai ta ɗan sunkuya. Zaren kabon bai damu da zafi ba, yana kuma kashe girgiza da sauri, amma yana da tsada. Katako shi ne zaɓin safiyo ga gajerar ƙafa-uku, ga doguwa kuwa nauyinsa ya yi yawa.

6. Sukurun ɗaurawa. Kayan safiyo suna amfani da sukuru mai kaurin 5/8 na inci, wasu ƙananan na'urori kuma 3/8. Wanda bai duba wannan ba tun daga Sakkwato yana iya isa Kebbe ya tarar na'ura ba ta hau kan sanda.

7. Ɗauka. A duba tsawonta idan an naɗe, a ga ko za ta shiga mota, ko mutum biyu za su iya ɗaukarta zuwa inda mota ba ta zuwa.

Lokaci, haɗari da mutuncin gidaje

Yanayi yana da ta cewa. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura tana watsa hasken leza, tana kwantawa a kan madubi, tana kuma shiga gaɓoɓin sanda. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a Jihar Sakkwato, alhali da yawa daga cikin na'urorin iyakar zafin da aka tsara musu ke nan. Da damina akwai iskar hadari da tsawa, ƙasa kuma ta yi laushi, ƙafa ta riƙa nutsewa a hankali ana cikin awo. Mafi dacewa shi ne sanyin safiya a ƙarshen damina, lokacin da iska ta kwanta, sama ta washe, kuma ɓarnar da ruwa ya yi tana nan sabuwa. A rairayi ko danshi, a sa katako a ƙarƙashin kowace ƙafa.

Haɗari mafi girma shi ne wayar lantarki. Alminiyam da zaren kabon duka suna ɗaukar wuta, kuma wayoyi masu ƙarfin bolt 11,000 da 33,000 suna ratsa garuruwa a tsayin da doguwar sanda ke kaiwa. Irin wannan wuta tana iya tsallakowa tun ba a taɓa wayar ba. Kafin a zuge sanda, a ɗaga kai a duba. Ba a kuma matsar da ƙafa-uku alhali sandar tana sama. A sauke, a matsa, a sake ɗagawa. A kewaye wurin da igiya domin yara ba sa rasa zuwa kallo.

Sannan akwai abin da ya fi lissafi muhimmanci. Katangar gidan Bahaushe an yi ta ne don ta suturta iyali. Na'urar da ke mita 6 tana leƙa tsakar gidan maƙwabta, kuma mafi yawansu suna ɗaukar hoto tare da awo. Wajibi ne a fara zuwa wurin hakimi da mai unguwa, a nemi izinin maigidan da za a auna gininsa da na maƙwabtansa, a sanar da su ranar da lokacin, kuma a goge duk abin da na'urar ta ɗauko wanda ba ginin da aka zo dominsa ba. Idan wurin yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kamar kufan Surame, birnin Kanta, sai da izinin hukumar. Jirgi maras matuƙi yana ganin rufi fiye da kowace sanda, amma tashinsa a Nijeriya yana bukatar izinin hukumomin jiragen sama da na tsaro, kuma batun sutura ya fi tsanani a kansa.

Aikin aji

Malami ba ya bukatar na'ura mai tsada kafin ɗalibai su gane darasin. A samo kwali a yanke shi ya zama soro mai tsayin santimita 40, da rawani na santimita 5. A rufe tagogi, a riƙe tocila santimita 60 daga kwalin, a ɗaga ta zuwa santimita 55, sannan 65, sannan 75. Kowane lokaci ɗalibai su auna inuwar da ke kan rufin da rula, su kwatanta da lissafi: santimita 30, da 15, da 10. Bayan haka a danne busasshen karan dawa a bakin tebur, a bar santimita 40 a waje, a rataya ƙaramin dutse a ƙarshensa, a auna sunkuyawarsa. A sake da santimita 80 da dutse ɗaya. Sunkuyawar za ta kusanci ninki 8. Idan an yi amfani da ƙaramar leza ta nuni maimakon tocila, kada a haska ta a idon kowa.

Kammalawa

Doguwar ƙafa-uku mafi kyau ita ce mafi gajarta daga cikin waɗanda suka isa su hango rufi. Abin da ya gaza haka ya bar wurin ciwon cikin inuwa, abin da ya wuce haka kuma ya sayo rangaji da haɗari ba tare da riba mai yawa ba. Ya kamata a tuna kuma cewa awo ba ya hana ruwa shiga soro. Amfaninsa shi ne ya nuna wa magini inda azara ta fara gajiya tun ana iya ceto ta, ya kuma ajiye fasalin ginin ga 'yan baya idan ƙaddara ta faɗa masa. Ɗalibin da ya iya lissafin inuwa, ya kuma san sunan kowane sashe na soro daga bakin maginan garinsu, ya riga ya sami rabin ilmin da aikin ke bukata.

Tambayoyi

1. Haske ya tafi ya dawo cikin kashi 2 cikin miliyan 10 na sakan. Mene ne nisan bangon?

2. Rufin wani soro yana mita 3.5, rawaninsa santimita 40. An kafa na'ura mita 5 daga bango. Wane tsayi za a kai ta don inuwar ta zama mita ɗaya?

3. Ƙafa-uku mai nauyin kilo 30 tana ɗauke da na'ura a mita 5, kuma daga tsakiyarta zuwa gefe santimita 70 ne. Turin kilo nawa zai kifar da ita?

4. A bayyana dangantakar tafiyar kyankyaso da murhun girki.

5. A kawo dalilai biyu da suka sa ake neman izinin maƙwabta kafin a ɗaga na'ura.